Nisan Kano zuwa Makka: amsa uku na samu, wacce ce daidai?

Ɗan_Fagge
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina haɗa jadawali ne a Excel da zai riƙa fitar da nisa tsakanin wurare biyu idan aka ba shi latitud da lonjitud ɗinsu. Don gwaji na ɗauki Kano a kan 12.00 arewa, 8.52 gabas, da Makka a kan 21.42 arewa, 39.83 gabas. Tazarar latitud 9.42, ta lonjitud 31.31. Na yi musu lissafin Fitagoras na samu digiri 32.70, na ninka da 111.2, ya ba ni kilomita 3,636. Wani shafin intanet ya ce 3,487, wata manhaja kuma ta ce 3,490. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wannan hanyar tawa ta yi daidai a Kano zuwa Kaduna. Ni dai a ganina Fitagoras ya wadatar, sai dai in akwai abin da ban gani ba.

MalamLissafi
Wa alaikumus salam. Akwai abin da ba ka gani ba, Malam. Ka ɗauka kowane digiri kilomita 111.2 ne, ko arewa ka nufa ko gabas. A latitud haka ne, kusan. A lonjitud ba haka ba ne. Ɓare lemo ka duba layukan da ke tsakanin ɓangarorinsa: a tsakiya suna da tazara, suna ta matsewa har su haɗu a sama da ƙasa. Haka layukan lonjitud suke. A kan ikwaita digiri ɗaya ya kai 111 da ɗoriya, a Kano ya koma kimanin 108.8, a Makka 103.5, a Landan kimanin 69. Ƙa'idar ita ce ka ninka 111.2 da kosayin na latitud ɗin wurin.

Gyara mafi sauƙi ga lissafinka: ɗauki tsakiyar latitud biyun, wato 16.71. Kosayin ɗinsa 0.9578. Ninka 31.31 da shi, ka samu 29.99. Yanzu sake Fitagoras da 9.42 da 29.99, za ka samu digiri 31.43, wato kilomita 3,495. Daga kuskuren 149 ka sauko zuwa 8.

Ɗan_Fagge
Na gode Malam. To me ya sa Kaduna ba ta tona asirin ba?

MalamLissafi
Don muna kusa da ikwaita, kuma tafiyar gajera ce. Sa Kaduna a 10.52 da 7.44. Ba kosayin 203.7, da kosayin 202.4. Kilomita ɗaya da 'yan kai, wa zai lura? A latitud ɗinmu kosayin yana wajen 0.98, saboda haka wanda ya manta da shi kashi biyu cikin ɗari kawai yake asara, shi ma a ɓangaren gabas da yamma kaɗai. Kai wannan jadawalin Ingila ka ga yadda zai ba ka kunya.

Hajiya_Taswira
Sauran kilomita 8 ɗin nan kuma doron duniya ne ya ci su, Fitagoras na shimfiɗaɗɗiyar tabarma ne. Amsar 3,487 daga lissafin habasayin ta fito, wanda ke ɗaukar duniya a matsayin ƙwallo. In za ka nema a intanet, haversine ake rubutawa. Ga matakan da lambobinka:

Rabin tazarar latitud 4.71, sayin ɗinsa 0.08211, ninka shi da kansa ka samu 0.006742.
Rabin tazarar lonjitud 15.655, sayin ɗinsa 0.26984, ninka shi da kansa ka samu 0.072816.
Kosayin 12.00 shi ne 0.97815, na 21.42 kuma 0.93093. Ninka su biyun da 0.072816, ka samu 0.066305.
Haɗa 0.006742 da 0.066305, jimla 0.073047. Wannan ake kira a.
√a = 0.27027. ASIN ɗinsa, wato kusurwar da ke da wannan sayin, 0.27368, ruɓanya shi biyu ka samu radiyan 0.54736.
Ninka da 6,371, wato matsakaicin nisa daga cibiyar duniya zuwa doronta a kilomita. Amsa 3,487.

A Excel, in latitud da lonjitud na wuri na farko suna A2 da B2, na biyu suna C2 da D2:

=2*6371*ASIN(SQRT(SIN(RADIANS(C2-A2)/2)^2+COS(RADIANS(A2))*COS(RADIANS(C2))*SIN(RADIANS(D2-B2)/2)^2))

Kada ka cire RADIANS ko ɗaya. SIN da COS na Excel radiyan suke ci, ba digiri ba, kuma ba za su yi maka ƙorafi ba, lamba kawai za su ba ka wadda ba ta da kai ba ta da gindi.

Kalkuleta88
Mai yi da kalkuleta kuma ya kula: yana iya barinta a DEG har ƙarshe, amma ASIN zai ba shi 15.68, ruɓi biyu 31.36 a digiri. Wannan da 111.195 ake ninka shi, ba da 6,371 ba. In ya ninka da 6,371 zai samu kusan kilomita dubu ɗari biyu, rabin hanyar zuwa wata ke nan.

TsohonSafiyo
Hajiya ta yi bayani mai kyau, amma kada yaron nan ya tafi da cewa 3,487 ce gaskiya. Ta ukun, 3,490, ta fi kusa. Duniya ba ƙwallo ba ce, ta ɗan baje a ciki ta ɗan danne a sama da ƙasa, kamar kabewa. A ma'aunin WGS84, wanda GPS ke aiki da shi, daga cibiya zuwa ikwaita mita 6,378,137 ne, daga cibiya zuwa ƙuryar arewa kuma mita 6,356,752. Bambancin ya haura kilomita 21. Lambar 6,371 sulhu ce kawai aka yi tsakaninsu.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, yankinmu na cikin inda sulhun ya fi cutarwa in tafiyar kudu da arewa ce. Digiri ɗaya na latitud a ikwaita 110.57 ne, a Kano 110.62, a ƙuryar arewa 111.69. Habasayin yana ba kowa 111.19. Wato a nan yana ƙara maka kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Gwada Kano zuwa Damagaram, 13.80 da 8.99, wadda kusan miƙe take arewa: habasayin 206.5, ainihin 205.6. Kilomita guda cikin ɗari biyu. A Kano zuwa Makka kuwa, da yake yawancin tafiyar gabas ce, kuskuren ya juya, ya rage maka 3 cikin 3,490.

Hajiya_Taswira
Gaskiya ne Baba, ban musa ba. Amma dubi abin da ya shigar: lambobi biyu bayan ɗigo. 0.01 na digiri ya fi kilomita ɗaya. Kuma "Kano" ɗin ma ina? Gidan Sarki, ko Kurmi, ko filin jirgi? Tsakaninsu kaɗai akwai kilomitoci. Mutum ba zai auna yadi da taku ba sannan ya tsaya gardama a kan inci.

TsohonSafiyo
Na yarda da wannan. Ina so ne ya san dalilin bambancin, kada ya zaci manhajar ce ta lalace.

Ɗan_Fagge
To lambobi nawa ya kamata in riƙa sakawa bayan ɗigo?

Hajiya_Taswira
Lamba ɗaya kilomita 11, biyu 1.1, uku mita 111, huɗu mita 11, biyar mita ɗaya da kaɗan, shida santimita 11. Na gari uku sun isa. Na rijiya ko makaranta ko asibiti sa biyar. Abin da ya wuce shida ado ne, domin GPS na waya a fili ma yakan kauce da kamar mita biyar, balle a lungu tsakanin gidajen bene ko ƙarƙashin rufin kwano.

MaiKod_Zariya
Bari in kawo wani abu da ya fi duk waɗannan ɓarna, wato juya latitud da lonjitud. Google Maps latitud yake fara bayarwa. GeoJSON lonjitud yake farawa da shi. ST_MakePoint na PostGIS lonjitud. Geod na pyproj lonjitud. geopy kuma latitud. Duk wanda ke kwasar bayanai daga nan zuwa can sai ya faɗa ramin nan wata rana.

A wasu ƙasashen kuskuren na tona kansa, wurin sai ya faɗa teku. Mu namu ba ya yi, don lambobinmu biyu duk ƙanana ne kuma sun yi kama. Juya na Kano, ya zama 8.52 arewa, 12.00 gabas. Ina ka sauka? Kusa da Ganye a jihar Adamawa. Har yanzu kana Najeriya, alhali ka yi nisan kilomita 540 da inda kake nufi. In ka juya duka biyun a misalinka, Makka ta koma ƙasar Girka, habasayin ya ba ka 3,605. Lamba ce mai kama da gaskiya, ba wanda zai ɗaga gira.

Magani: kafin kowane lissafi ka zuba wuraren a kan taswira ka kalla da idonka. Sannan ka riƙe wurare biyu da ka san nisansu, su zauna a layin farko na jadawalin a matsayin shaida.

Zango_Kumasi
A ƙara da alamar ragi. Mu nan yamma muke da layin Girinwic, wato lonjitud sifili. Kumasi 6.69 arewa, 1.62 yamma, dole a rubuta -1.62. In an rubuta daidai, Kano zuwa Kumasi kimanin 1,260. In ragin ya faɗi, 960. Kilomita 300 sun tafi a kan ɗan layi guda. Accra ma yamma take, -0.2 ko kusa da haka, ita kuskurenta ƙarami ne shi ya sa ya fi wuyar kamawa. Kudu da yamma ragi, arewa da gabas ba komai.

Damagaram227
Sannunku. Ga 'yan'uwa na Nijar masu Excel na Faransanci: in kun kwafe layin Hajiya yadda yake ba zai yi ba. SQRT a wurinmu RACINE ne. SIN, COS, ASIN da RADIANS ba su canza ba. Ɗigo kuma waƙafi ne, 12,00 ba 12.00 ba. In aka liƙa lambobi masu ɗigo daga waya, Excel na ɗaukarsu a matsayin rubutu, wani lokaci ma ya mayar da su kwanan wata. Alamar ita ce lambar ta manne a hagun akwati maimakon dama. Kuma harafin O a takardunmu yamma yake nufi, kada a ɗauke shi sifili.

MalamLissafi
Tunda ana lissafa ramuka, ga na minti da sakan. Digiri ɗaya minti 60 ne, ba 100 ba. Digiri 12 da minti 30 shi ne 12.5, ba 12.30 ba. Wanda ya rubuta 12.30 ya kauce da 0.2, kilomita 22 ke nan. Hanyar ita ce digiri + minti/60 + sakan/3600. Minti ɗaya na latitud kusan mil ɗin teku ɗaya ne, mita 1,852, sakan ɗaya kuma kimanin mita 31.

MaiKod_Zariya
Ƙananan na'urorin GPS da ake haɗawa da Arduino ma haka suke turo shi. Za ka ga 1159.4000, wannan digiri 11 ne da minti 59.4, wato 11.99. In ka raba da 100 kawai ka samu 11.594, ka koma kilomita 44 kudu.

Abu_Sumayya
Allah Ya saka da alheri. Tambaya a gefe: wannan lissafin zai iya ba da alƙibla?

Hajiya_Taswira
Ɗan'uwansa ne ke bayarwa, da lambobi iri ɗaya. Ka fitar da abu biyu:
y = sin(tazarar lonjitud) × cos(latitud na Makka)
x = cos(latitud naka) × sin(latitud na Makka) − sin(latitud naka) × cos(latitud na Makka) × cos(tazarar lonjitud)
A Kano y = 0.4838, x = 0.1919. Ka saka su biyun a ATAN2, ka mayar da amsar digiri, kusurwar ta zama digiri 68 da ɗan kai daga arewa, kana juyawa ta hannun dama. Wato gabas, amma ka karkata arewa da kimanin digiri 22.

A kula da ATAN2. A Python da JavaScript y ake fara sakawa, a Excel x ake farawa da shi. In ka juya su za ka samu 22 maimakon 68. In amsar ta fito da ragi, ƙara mata 360.

Kyaftin_Sama
Abin lura a nan, kusurwar ba ta tsayawa wuri guda. Gajeriyar hanya a kan ƙwallo ita ce babbar da'ira, irin layin da zare zai bi in ka ɗame shi tsakanin wurare biyu a jikin ƙwallon. Daga Kano za ka tashi a 68, ka isa Makka kana fuskantar kusan 78. Wanda ya ɗora rula a shimfiɗaɗɗiyar taswira zai samu wajen 72 ko 73, ya kauce da digiri huɗu. A nan ba yawa. A Amurka ne abin ke ba da mamaki: alƙiblar New York tana wajen digiri 58, arewa maso gabas, alhali a taswirar bango Makka na ƙasa da ita ta kudu.

Kuma kada a ɗauki 3,490 a matsayin abin da jirgin alhazai ke ci. Jidda ko Madina yake sauka, yana bin hanyoyin sama da aka tsara, kuma miƙaƙƙen layin ta Chadi da Sudan ya ratsa. Tun ɓarkewar yaƙin Sudan a 2023 jirage da yawa kewaye sararinta suke yi.

TsohonSafiyo
68 ɗin nan daga arewa ta ainihi ce, ba ta kamfas ba. Sa'ar da muka yi, a ƙasar Hausa bambancin biyun a 'yan shekarun nan bai kai digiri biyu ba. Abin da ya fi ɓata kamfas shi ne rodi da ƙofar ƙarfe da mota a kusa. A fita fili a auna, a ja igiya, sannan a shigo da layin.

Ba sabon ilmi ba ne kuma. A zamanin Halifa Ma'amun, wajen shekara ta 830, an tura masana filin Sinjar suka auna tsawon digiri ɗaya a ƙasa. Bayan kusan shekara ɗari biyu Biruni ya auna girman duniya daga kan dutse a Nandana, cikin Pakistan ta yau, ta hanyar tsayin dutsen da kusurwar da gefen sama ya sauka. Neman alƙibla na cikin abin da ya sa suka zurfafa a lissafin kusurwoyi a kan ƙwallo.

Abu_Sumayya
Ma sha Allah. To nisan kasaru fa, za a iya auna shi da wannan?

Almajirin_Malam
A littattafan Malikiyya baridi huɗu ne, mil 48, wanda ake ƙiyastawa da kilomita tamanin da wani abu. Amma tafiyar da matafiyi zai yi ake dubawa, ba layin da tsuntsu zai bi ba. Wannan lissafin kullum ƙasa da hanyar mota yake bayarwa, don haka gari zai iya fitowa 70 a jadawali alhali a titi ya haura 85. Hukuncin dai a kai wa malamai, ni iyakata in ce ba ma'auni ɗaya ba ne.

Direban_Dare
Ai shi ne. Kun ce Kano zuwa Kaduna 202. Duk wanda ya bi ta Zariya ya san mitar mota sai ta haura 220. Tsuntsu ba ya shan kwana.

Ɗan_Fagge
Ha ha, gaskiya ne Direba. Bari in dawo da mu kan jadawalin. Na ga wani layi da ya fi na Hajiya gajarta, mai ACOS. Na gwada, ya ba ni 3,487 shi ma. Amma a wasu layukan sai ya rubuta #NUM!. Me ke jawo haka?

MalamLissafi
Dokar kosayin ce ta kan ƙwallo. A takarda ita da habasayin amsa ɗaya suke bayarwa. Matsalar a kwamfuta take. In wuraren biyu ɗaya ne ko suna dab da juna, abin da ke cikin ACOS ya kamata ya zama 1 cif, sai ɗan kuskuren ƙididdiga ya mayar da shi 1.0000000000000002. ACOS ba ya karɓar abin da ya haura 1. Duba layukan da suka ƙi, za ka tarar wuri ɗaya ne aka maimaita. Ka naɗe cikin da MIN(1, ...) ko ka koma habasayin, wanda ba ya wannan rigimar a gajeren nisa.

MaiKod_Zariya
A Excel abin iyakarsa ke nan, don yana riƙe lambobi 15. A na'urar da ke riƙe bakwai kawai, irin Arduino Uno wanda double ɗinsa ma bit 32 ne, dokar kosayin mutuwa take yi gaba ɗaya. Kosayin na kusurwar kilomita ɗaya shi ne 0.999999988, na'urar kuma 1 take gani. Duk abin da bai kai kilomita ɗaya ko biyu ba, ko ta ce sifili ko ta yi tsalle.

Masu haɗa na'urar bibiyar babur ko a-daidaita-sahu, ga wani: kada ku tara nisan kowane sakan kai tsaye. Ko abin hawa na ajiye, GPS na ɗan rawa. In yana rawar mita 2 a sakan, cikin awa ɗaya ya tara kilomita 7.2 ba tare da taya ta juya ba. A yi watsi da duk motsin da bai kai mita 10 ko 15 ba, ko a duba gudun da na'urar ta bayar, in ya yi ƙasa ƙwarai kada a ƙirga.

Injiniya_Bichi
Ni ban ga dalilin wahala da habasayin a 2020 da wani abu ba. Layi ɗaya ne a Python: geodesic na geopy, ko Geod na pyproj da WGS84. Duka biyun hanyar Charles Karney ta 2013 suke bi, kuskurenta bai kai kaurin gashi ba. A Android akwai distanceBetween, shi ma a kan WGS84 yake. A PostGIS ka mayar da wuraren geography, ST_Distance ya ba ka mita. In ka bar su geometry a 4326, lambar WGS84 mai latitud da lonjitud, digiri zai ba ka, ka koma gidan jiya, lissafin Ɗan_Fagge na farko.

Hajiya_Taswira
Injiniya, mutumin Excel ya ce. Ba kowa ke da Python a ofis ba.

Injiniya_Bichi
To ya rubuta lissafin Vincenty a VBA, yaren kod na cikin Excel.

TsohonSafiyo
Zai iya, amma ya san halinsa. Hanyar Thaddeus Vincenty ta 1975 maimaita lissafi take yi har amsa ta daina motsi, kuma tana kaiwa ƙasa da milimita. Inda take cijewa shi ne wurare biyu masu kishiyantar juna a bayan duniya. Kishiyar Kano tana 12 kudu, 171.48 yamma, cikin tekun Fasifik arewa da Samowa. A irin wannan sai ta yi ta juyi ba ta tsaya ba, don haka a sa mata iyaka, in ta kai zagaye 200 ta fita. Wanda aikinsa bai wuce Afirka da Makka ba, ba zai taɓa gamuwa da wannan ba.

Abin da zai gamu da shi, in ya taɓa takardun fili, shi ne tushen ma'auni. Tsofaffin taswirori da takardun safiyo na Najeriya a kan ma'aunin Minna suke, mai amfani da siffar Clarke 1880. Waya kuma WGS84. Turke ɗaya a ƙasa, lambobi biyu daban, kuma a wajen Kano tazarar ta kai kusan mita 80, yawancinta gabas da yamma. In duka wuraren biyu a Minna suke, nisan tsakaninsu zai fito daidai. In ɗaya daga takarda ɗaya daga waya, ka shigar da mita 80 na ƙarya. A Kano zuwa Makka ba komai ba ne. A fuloti mai ƙafa 50 da 100, ka tsallake gidaje biyar.

Safiyo_Ƙarama
Ƙari a kan maganar Baba. Aikin fili ba a yinsa da digiri ma, da UTM ake yi, lambobin gabas da arewa a mita. A nan Fitagoras halal ne, don an riga an shimfiɗe yankin. Sharaɗi biyu. Na farko, wuraren su kasance a shiyya ɗaya: 31 daga lonjitud 0 zuwa 6, 32 daga 6 zuwa 12, 33 daga 12 zuwa 18. Sakkwato da Yamai 31, Kano da Damagaram 32, Maiduguri 33. Ba a cire lambar wata shiyya daga ta wata. Na biyu, nisan takarda ba shi ne nisan tef ba. A tsakiyar shiyya, layin 9 gabas a tamu, ma'aunin 0.9996 ne. Kano na dab da layin, nata 0.99963, ragin santimita 37 a kowace kilomita. Tsayin garin daga teku, wajen mita 480, ya ƙara ragin santimita 7 zuwa 8. Jimla kusan 44. In ka auna kilomita cif da na'ura a ƙasa, lambobin UTM za su ce 999.56, kuma ba wanda ya yi kuskure.

A duba kan takardar kuma, wasu ba UTM ba ne, tsarin bel uku ne na Najeriya, yamma da tsakiya da gabas, mai ma'auni 0.99975. Lambobinsu ba sa haɗuwa da na UTM.

Hajiya_Taswira
Kuma kada a auna a tsari mai lamba 3857, wanda taswirorin intanet ke nunawa da shi. Shi ma mita yake bayarwa, shi ya sa yake ruɗi, amma yana kumbura nisa da 1 a raba da kosayin latitud. A Kano ƙarin kashi 2.2 cikin ɗari, a Landan kashi 60. A manhajar taswira ta QGIS ka tabbatar an zaɓi WGS84 a wurin siffar duniya cikin saitin aikin kafin ka ja layin awo.

Kalkuleta88
Tudu da gangare fa? Ba a sa su?

Safiyo_Ƙarama
Duk waɗannan hanyoyin a shafe suke ɗaukar ƙasa. In kana so, yi Fitagoras da nisan da bambancin tsayi. Hawan mita 100 a cikin kilomita ɗaya mita 5 kawai yake ƙarawa. Sai mai jan bututu ko waya a kan dutse zai damu da shi.

Ɗan_Fagge
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Ainihin aikin shi ne ƙauyuka da yawa da asibitoci, a nemo wa kowane ƙauye asibitin da ya fi kusa. Duk cikin jiha ɗaya. Na sa layin Hajiya, shaidar Kano da Makka ta ba ni 3,487.

MalamLissafi
In cikin jiha ɗaya ne, ko Fitagoras mai kosayin ya ishe ka, a nisan kilomita 50 bambancinsa da habasayin bai kai taku ɗaya ba. Ashe dai ba ka yi nisa da gaskiya ba tun farko, kosayin kawai ka bari a gida.

Injiniya_Bichi
Ban yarda ba. In akwai hanya mafi daidai kuma kyauta, me zai sa a ɗauki ta ƙasa? Gobe wani zai gaji jadawalin ya zuba masa Legas da Agadas.

MaiKod_Zariya
Ka lura da yawan layuka dai. Ƙauye 5,000 da asibiti 300 lissafi miliyan ɗaya da rabi ne, Excel zai yi nishi. Tace tukuna: duk asibitin da tazarar latitud ko lonjitud ɗinsa ta haura 0.5 ka jefar, ya wuce kilomita 54. Kuma don gano mafi kusa ba sai ka yi ASIN da SQRT ba, wanda jimlarsa da Hajiya ta kira "a" ta fi ƙanƙanta shi ne. Sai ka ƙarasa lissafin a kan wanda ya ci kaɗai.

Direban_Dare
Duk kun gama, amma mafi kusa a jadawali ba shi ne mafi kusa ga mai naƙuda ba. Ƙauye na iya zama kilomita 6 da asibiti, kogi a tsakani, gada kuma sai an yi 30. Da rani a ratsa ta yashi, da damina sai kwalekwale. Ka ƙara shafi ɗaya na hanya, a tambayi 'yan acaɓan yankin su cike maka.

Hajiya_Taswira
Wannan kam lissafi ba zai ba ka ba. Akwai OSRM da ke fitar da nisan titi daga bayanan OpenStreetMap, amma hanyoyin karkara da yawa ba a zana su ba, sai ya kewaya da kai ta babban titi ko ya manna ƙauyen a hanyar da ba tasa ba. Ka fitar da uku mafi kusa da habasayin, sannan a tantance su da mutanen wurin.

Damagaram227
In akwai ƙauyukan bakin iyaka a ciki, ka sa shafin ƙasa ma. Wani ƙauyen asibitin da ya fi kusa da shi a ɗaya gefen yake.

Ɗan_Fagge
Akwai su kuwa. Baba TsohonSafiyo, wasu lambobin asibitocin daga tsohuwar takarda aka kwafo su, ba a rubuta ko Minna ba ne ko WGS84. Ta yaya zan gane?

TsohonSafiyo
Zaɓi uku ko huɗu da gininsu ke fitowa sarai a hoton tauraron ɗan'adam, ka ɗora lambobin a kai. In duk sun kauce gefe guda da kusan mita 80, Minna ne, ka juya su daga 4263, lambar Minna, zuwa 4326 a QGIS. In kowanne ya kauce nasa gefen, ba ma'auni ba ne, wanda ya ɗauka ne ya tsaya a bakin titi ko ya rage lambobin bayan ɗigo. Turo guda uku a nan mu duba.